Farin Allo Daga Jiratawa

Ni ban gama lakwal ba, wato makarantar boko. Na zauna jarrabawar birbe ta ƙaramar sakandare na faɗi, na sake zama na sake faɗi, mahaifina ya ce ya isa haka nan. Waɗanda muka yi benci ɗaya da su yau suna Yamai cikin biro, wato ofis, mai sanyi. In sun zo Maraɗi da salla sukan ɗaga mini hannu daga cikin mota, gilashi a rufe. Abin da na iya na odinata, wato kwamfuta, a sibar na koye shi, wani ɗaki a Sabon Gari inda mutane ke zuwa shiga intanet. Aikina shara da buga wa mutane takardu. In babu kowa sai in buɗe cikin shafuka in ga yadda aka ɗinka su, in kwance, in mayar, in ɓata, in gyara. Babu wanda ya koya mini, saboda haka babu wanda ya ba ni takardar shaida.

Da waya mai shafawa ta shiga aljihun kowa, sibar ta mutu. Yau shinkafa da taliya ake sayarwa a ɗakin. Ni kuma aiki ɗaya tak ya rage mini a duniya: shafin wata ƙaramar ƙungiyar manoman rani a Jiratawa. Ni na gina shi, ni nake kula da shi, da shi nake ciyar da gidana.

Amfanin shafin ba shi da yawa. In kanal ya tsage, wato magudanar simintin da ke kai ruwa gonaki, ko tiyo ya fashe, ko bakin ruwa ya toshe, manomi ya shiga ta wayarsa ya rubuta inda abin yake. Saƙon ya faɗo biro, a tura mai gyara. Mai gyaran taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, mutumin Tsibiri, kullum da safe yake hawo tsohon motonsa mai ƙafa biyu ya zo. Tun muna yara ba ya ganina ya ƙyale ni.

Matsalar rubutun ce. Manomi zai rubuta, “Ruwa na zuba wurin mangwaro.” Wane mangwaro? Duk wanda ya san Jiratawa ya san ba a kwatance da mangwaro. Wani ya rubuta, “Bayan gonar marigayi.” Taubashina ya wuni yana zagaye cikin laka yana tambayar wa ya mutu. Wata rana ya shigo biro wando duk taɓo, ya ce mini, “Kai boko rabi, shafinka ya aike ni gaisuwar mutuwa, kuma an ce mutumen tun zamanin soja ya rasu.”

Shugabar biron mace ce, ta girmi ɗiyata ta fari da kaɗan, tana da diplom har biyu a bango. Madam muke ce mata. Ba muguwa ba ce, amma ba ta zagaye. Ana gab da shiga noman rani ta kira ni ta ce, “Malam, shafinka ba ya kai mai gyara ko'ina. In muka shiga rani a haka, zan rufe shi, mu koma saƙon murya.”

Ba ta ce za ta kore ni ba. Ba ta bukatar faɗa. In babu shafi, me zan zauna in yi, gadi?

Dabarar a ƙofar masallacin unguwarmu ta zo mini, bayan la'asar. Wani baƙo ya tambayi hanyar tasha, liman ya tsuguna, ya share ƙasa da tafin hannu, ya zana masa da yatsa: ga kwalta, ga kwana, ga gidan mai. Mutumin da ba zai iya rubuta layi ɗaya na kwatance ba, in ka ba shi ƙasa da yatsa sai ya kai ka har ƙofar ɗaki. Na ce to, sai in sa musu ƙasa a cikin waya.

Ba ni zan ƙera allon zanen daga tushe ba, ban kai nan ba, kuma babu dalili. Akwai ƙunshin aiki da wasu suka riga suka rubuta suka bari kyauta, ƴan sana'armu na ce masa librari. Ka ɗauko shi, ka yanka masa wuri a cikin shafinka, ka kira shi, sai farin allo ya fito wanda ake zane a kai da yatsa. A faɗe ke nan.

Na farko da na ɗauko mai ado ne, da launuka da alƙaluma iri-iri da gidaje da taurari. A Maraɗi ya buɗe da ƙyar. A Jiratawa, inda rezon waya ke zuwa ya tafi yadda ya ga dama, taubashina ya ce ya jira shi har ya sha shayi ya wanke kofi, allon bai fito ba. Na jefar da shi na nemo ƙarami, wanda ba ya komai sai layi. Bayaninsa da Ingilishi yake, ni kuma ko Faransancin nawa da ɗingishi yake tafiya. Jimla jimla na riƙa fassarawa da na'ura, in gwada, in ga abin da ya faru.

Da farko in ka ja yatsa, shafin ne gaba ɗaya ke tafiya sama, ba layi ba. Na gyara. Sai ya zama a ƙananan wayoyi layin na fitowa gefe, nesa da yatsa, kamar yana gudunka. Na gyara. Sai in ka juya wayar a kwance zanen ya ɓace. Wannan ya ci mini rai sosai kafin in gane cewa allon sake haihuwar kansa yake duk lokacin da girmansa ya canza. Matata na ba wa ta gwada. Ta zana tukunya, ta dube ta, ta ce, “Wannan ne ke sa tuwonka sanyi kullum?” Na ce shi ne. Ta ce aƙalla tukunyar ta fito.

Na cire duk wani maɓalli da ba dole ba. Na bar tsintsiya, don sharewa in an yi kuskure, da kibiya, don aikawa. A ƙarƙashin allon na sa babban kanal da hanyar mota da layi mai dushi-dushi wanda ba ya sharuwa, don mai zane ya san gabas da yamma. Madam ta gwada a biro, ta zana wani abu mai kama da kifi, ya faɗo a odinatarta nan take. Ta ce, “Ba laifi.” A bakinta wannan yabo ne. Taubashina ya zagaya ya nuna wa manoma yadda ake yi.

Saƙonni suka fara zuwa, har sun fi na da yawa. Amma duk wanda muka buɗe, fari ne fat. Kanal ɗina da hanyata kawai, babu ko ɗigo. Madam ta juyo mini da fuskar odinatar ta ce, “Mushe, ga gonakinka.” In ta kira ni Mushe, wato Malam na Faransanci, to ranta ya ɓaci.

Na ɗora wa librarin laifi. Na bi aikin layi layi ban ga komai ba. Na gwada a wayata, zane ya iso. A wayar matata, ya iso. A tsohuwar wayar taubashina mai fasasshen gilashi, ya iso. Har na rubuta tambaya a dandalin masu librarin da Ingilishina na aro. Wani daga wata ƙasa ya amsa da cewa a wurinsa yana aiki. Na gode masa a fili, na zage shi a zuci. Ana cikin haka an fara ban ruwa, kuma Madam ta daina gaishe ni da tambayar iyali.

Taubashina ne ya ce, “Kai da ba ka taɓa taka laka ba, kana zaune kana tambayar Turawa abin da ke faruwa Jiratawa. Hau moto mu tahi.”

Muka tafi da safe. Ya kai ni wurin wani dattijo mai fangalin tattasai a can ƙarshen wani ƙaramin kanal. Ganyen ya fara lanƙwashewa, ƙasar ta tsattsage. Ya ce ya aika saƙo ya sake aikawa, babu wanda ya zo. Yana faɗa yana kallona, don an gaya masa ni ne mai abin.

Na ce, “Baba, yi mini yadda kake yi in gani.”

Ya goge yatsansa a riga, ya zauna a bakin kanal, ya buɗe shafin ba tare da ya nemi taimakon kowa ba. Maƙwabtansa suka matso. Ya ja layi daga babban kanal ɗina, ya karya shi hagu, ya sa ɗan da'ira. “Ga rijiya.” Ya ja wani. “Ga zogalan wancan.” Ya zana fangalinsa, sannan ya koma baya kaɗan ya caka yatsa. “Nan ya tsage, ƙarƙashi, ruwan na bi ta ramin ɓera.” Wallahi ko ni da ban san wurin ba, da zanen nan zan je. Ya nuna wa na damansa, ya nuna wa na hagunsa, kowa ya ce haka ne.

Sai ya danna tsintsiya. Allon ya koma fari. Sannan a natse ya danna kibiya.

Ban san lokacin da na yi ihu ba. “Baba! Don mi ka share?”

Ya dube ni. “To in bar ta a shimfiɗe?”

“Ai ita za a aika!”

“Na aika mana. Ba ka ga na danna kibiyar taka ba?”

“Ka aika babu! Farin allo ka aika!”

Ya juya wurin taubashina. “Wanga ɗan'uwanka ne da gaske? A gidansu in an zana gona a ƙasa sai a tashi a bar ta? Kowa ya zo ya taka, mai mugun nufi ya ɗebi ƙasar wurin?” Wani daga gefe ya ƙara da cewa, “Ko gobe a ce ga iyakar da ka zana da hannunka, kai ka ce nan gonarka ta tsaya.” Duk suka gyaɗa kai. Ashe kowa haka yake yi. Babu wanda ya haɗa baki da wani, kuma babu wanda ya ga abin a matsayin abin faɗa.

Taubashina dariya har da riƙe moto. “Boko rabi! Kai da kanka shekaranjiya ka kwatanta mini shagon mai walda a ƙofar gidanka, da ka gama mi ka yi da ƙafarka?”

Share shi na yi. Mahaifina ma haka yake yi, da gefen takalmi, yana cikin magana, ba ya ko duba ƙasa. Liman ɗin da ya ba ni dabarar ma, da baƙon ya gane hanya, tafin hannu ya sa ya shafe. Na gani da idona, amma rabin abin na ɗauka na kai cikin waya.

Na ce to zan cire tsintsiyar, kowa ya huta. Dattijon ya ce, “Cire. Sai mu bar zanawa.” Bai ɗaga murya ba, kuma na san ba barazana ba ce.

Taubashina ya ja ni gefe ya ce, “Kai, ba ka iya sa abin ya riƙe zanen a ɓoye? Su share nasu, mu ga namu.” Ana iyawa, ba wuya. Librarin yana riƙe da kowane layi har lokacin da aka ce ya zubar. Amma na ce masa, “Ran da ka zo ka tsaya daidai kan ramin ɓeran nan ba ka tambayi kowa ba, kana tsammanin ba za su gane ba? Su manoma ne, ba wawaye ba.”

Na koma na tsuguna gaban dattijon. Na ce, “Baba, in ka zana wa mutum a ƙasa ka share, ina zanen ya tahi?”

“Cikin kansa.”

“In ya isa wurin fa?”

“Mi zai yi da shi kuma? Ya manta.”

Na ce to haka za mu yi. Zan cire kibiya, tsintsiya kaɗai za ta rage. In ka share, zanen ya bar wayarka ya shiga ta mai gyara. In ya gyara ya danna an gama, ya goge a tasa, ya goge a biro, ya goge ko'ina.

“Biro ba ta ajiyewa?”

“Ba ta ajiyewa.”

“Kai ka ce?”

“Ni na ce.”

Ya dubi mutanen da ke wurin ɗaya bayan ɗaya, don su zama shaida. Ban tambayi Madam ba kafin in faɗi haka. A lokacin ban ga abin tambaya ba.

Aikin kansa bai ɗauke ni wuni ba. Akwai wurin da librarin ke ba ka dama ka yi wani abu kafin ya share, nan na saƙala aikawar. Na ƙara maɓallin an gama a gefen mai gyara. Taubashina ya liƙe tsagar dattijon tun ranar da muka je, tunda ya ga wurin. Sauran kuwa ta waya suka riƙa zuwa. Zane ya faɗo da safe, kafin azahar ya ɓace. Ya daina yawon gaisuwar matattu. Madam ta koma kirana Malam, har ta tambayi jikin matata.

Na gaya mata cewa zanen gogewa yake bayan gyara. Ta ce to, tana duba wata takarda. Ina jin ba ta saurara ba.

Da rani ya zo ƙarshe aka ce baƙi na zuwa, mutanen furoje, wato shirin da ke tallafa wa ƙungiyar. Madam ta kira ni da fara'a. “Malam, fiddo mini zanen manoman nan duka. Zan buga su manya in liƙa a bango, baƙi su ga abin da muka yi.”

Na ce, “Babu su.”

“Kamar yaya babu?”

“Sun goge. Na gaya miki.”

Ta cire tabarau. “Mushe, ka gina abin da ke cinye shaidar aikinsa? Mi zan nuna? Bango?” Sannan ta sassauta murya. “To, abin da ya wuce ya wuce. Daga yau ka sa ya riƙa ajiye kwafi a nan. Ba sai an yi shela ba. Ba mugun abu za mu yi da shi ba.”

Na san ba mugun abu za ta yi ba. Na kuma san cewa ranar da wani manomi ya shigo biro ya ga fangalinsa liƙe a bango, ba Madam za a nuna da yatsa a Jiratawa ba, ni za a nuna. Kuma daga ranar farin allo za mu koma samu, in ma an aiko.

Na ce, “Madam, ni na yi magana gaban mutane. In kina son kwafi, sai ki samu wani ya sa miki.”

Ta ce, “Akwai su da yawa a Yamai. Da diplom ɗinsu.”

Na ce na sani, da wasunsu muka yi benci ɗaya. Na ɗauki hulata na fita. A gida ban gaya wa matata ba, amma ta ga na zauna tsakar gida da rana tsaka ban buɗe odinata ba, ta ajiye mini ruwa ta wuce. Na fara tunanin wanda zan roƙa ya ɗauke ni gyaran waya a bakin kasuwa, da furfurata.

Ranar baƙin an kira ni, ba don komai ba sai don in kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke a samu mai tayar da na'ura. Bangon babu komai. Da aka zo kan maganar shafin, Madam ta rasa abin nunawa, sai ta sa taubashina ya shigo da dattijon mai tattasai, wanda ya zo taron da babbar rigarsa. Ta ce, “Baba, nuna musu yadda kuke yi.”

Ya zauna a kan tabarma, ya ƙi kujera. Ya zana wata gonar da babu ita, ya ce ba zai zana tasa gaban baƙi ba. Suka sunkuyo suna kallo. Da ya gama, wata a cikinsu ta ɗaga waya za ta ɗauki hoto. Kafin ta daidaita, ya danna tsintsiya. Wayar taubashina ta yi ƙara a aljihu, ya fiddo ya nuna musu zanen daga nesa, ya danna an gama, shi ma ya ɓace. Baƙin suka tambayi dalili, aka fassara musu abin da dattijon ya ce. Suka yi ta rubutu, har da tafi. Madam ta yi musu bayani mai tsawo da Faransanci kan yadda ƙungiya ke mutunta al'adar manoma. Ina tsaye a bayan ƙofa riƙe da wayar kuran.

Ba ta rufe shafin ba, ba ta kuma kawo kowa daga Yamai ba. Amma da can shekara shekara ake sabunta aikina, tun daga lokacin sai ya koma rani rani, na watannin ban ruwa kaɗai. Duk ƙarshen rani takan ce, “Za mu gani, Malam,” ni kuma in ce Allah ya kai mu. Na ga rahoton da ta aika. An ce ƙungiya ce ta ƙirƙiro dabarar bayan tuntuɓar manoma. Babu sunana, babu na dattijon. Sunan librarin dai yana ciki, har an ja masa layi.

Maganar kwafi ba ta sake tasowa ba. Ni ma ban sa ba. Taubashina ya ce da shi ne ni da ya buga hoton kansa ya liƙa a bangon biron, tunda har yanzu babu komai a kai. Na ce ya bari sai ya biya mini kuɗin wankin hoton. Ya ce boko rabi, hoto rabi, daga wuya zuwa ƙasa ya isa.